Kujera a Jirgin Leƙen Asiri

Ni ba mai fita ba ce. Tun da ɗan yayana ya ɗauko ni daga gida ya kawo ni Riyad, in ka cire asibiti da zuwa kasuwar Batha sayen daddawa da kuka, duniyata ba ta wuce kicin da falo da saman bene ba. A unguwar Shifa muke. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, shi kuma injiniya ne, na'urorin cikin jirgin sama yake gyarawa. In sun fita gidan ya zama nawa, ni da rediyona da tukwanena, kuma ban taɓa jin kaɗaici ba, don ko babu kowa ina magana.

Sai na fara faɗin yadda yaron nan ya zama nawa, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna ba. Shi ne ɗan fari a wurin yayana, Allah ya ji ƙansa. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, ranar da aka yaye shi aka ɗora mini shi a baya aka ce ga naki. Uwarsa, wadda nake kira Yaya, mace ce irin ta da, mai kunyar ɗan fari irin wadda yanzu sai an tona. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya durƙusa gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In maganarsa ta kama, sai ta ce “ɗanki” ko “mutumin naki”. Ranar da ya faɗo daga kan mangwaro ya karye, ni na yi ta ihu a tsakar gida, ita tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba, sai daga baya na lura garin duk a ƙasa yake zuba. Makarantarsa ni aka tambaya, aurensa ni aka tambaya. Duk wata babbar magana tasa a gabana ake ajiye ta.

Wata Juma'a bayan mun ci abinci, sai ya bar kujera ya sauko kan darduma kusa da ƙafata. Da na ga haka na rage rediyo.

“Gwaggo, wani aiki aka yi mini tayi.”

“To, madalla. Wanda kake yi ya ƙare ne?”

“Bai ƙare ba. Wannan a cikin jirgin zan riƙa zama, ba a ƙasa ba.”

Ya yi mini bayani a hankali, yadda yake yi in zai nuna mini maɓallin injin wanki. Manyan ƙasashen nan biyu da ke harare-harare, ba sai na kira sunansu ba, duk mai rediyo ya san su. A ɗaya daga ciki ya yi karatu, har suka ba shi takardun zama ɗan ƙasarsu. Wani kamfani na can yana da jirage da ba sa ɗaukar fasinja, cikinsu duk na'urorin ɗaukar hoto ne da na saurare. Sukan tashi su bi gefen tekun ɗaya ƙasar, suna duba abin da take ginawa da abin da take motsawa. Ana son mai zama a baya yana kula da na'urorin. Kujera ɗaya ce, kuma shi aka zaɓa.

Na ce, “Wato leƙe. Leƙen gidan mutane.”

“Leƙen asiri ake cewa, Gwaggo.”

“Ka ƙara masa asiri, ai ya fi muni. Kai ba ka ga garin nan ba? Katangar saman bene ta fi tsayin mutum, don kada idon wani ya faɗa gidan wani. Ni da nake shanya a can kullum ban san kalar bokitin maƙwabta ba. Su waɗanda ake leƙawar, sun sani?”

“Sun sani. Wani lokaci ma sukan taso nasu jiragen su raka mu.”

“Rakiya irin ta mutunci?”

Ya yi dariya kawai. Matarsa ta tashi ta kwashe kwanuka, na ji ta a kicin tana wanke su da ƙarfin da bai kamace su ba.

Ya ce ita ta bar masa zaɓi. Ya ce ba zai sa hannu ba sai na yarda, in na ce a'a maganar ta mutu, kuma kamfanin yana jiransa zuwa ƙarshen wata. Sannan ya faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai. Ya ce, “Gwaggo, na tsufa ina gyara idon da ban taɓa gani da shi ba.” Na tuna shi yana ƙarami, in jirgi ya wuce sai ya saki kwanon abinci ya fita da gudu, ya dawo wuyansa ya sage.

A ƙasan benenmu akwai wani dattijo Bahaushe, mahaifin wata likita. Tsohon soja ne, ƙafafunsa sun gaza, 'yarsa ta kawo shi kusa da ita. Kowa Baba yake ce masa. Bayan la'asar akan fito da shi bakin ƙofa da butar shayinsa, ni kuma in na dama kunun gyaɗa nakan sauko masa da kofi, mu taɓa hirar gida. Na taɓa jin yana cewa aikinsa a soja duba hotuna ne, na ɗauka irin na bango. Ranar nan na sauko da kunu na zauna a kan matakala na zayyane masa komai.

Ya daɗe yana juya cokali. Sannan ya ce, “Hajiya, kin zo wurin da ya dace, amma ba zan sauƙaƙa miki ba.”

Ya ce yana saurayi aka tura shi wata ƙasa mai sanyi koyon karanta hoton da aka ɗauko daga sama. Lokacin ma manyan ƙasashe biyu ne ke zaman doya da manja, kowacce da makaman da za su iya tashin duniya. Malamin da ya koya musu yana cikin waɗanda suka riƙa hawa can ƙololuwa, inda sama take komawa baƙa, su ɗauko hoto su dawo.

“Daga sama ba a ganin fuska,” in ji Baba. “Rufi ake gani da inuwa. Inuwa ce ke gaya maka tsayin abu. Sai ka wuni da gilashi a ido kana tambayar kanka, wannan rumbun hatsi ne ko ramin makami?”

“To in ka yi kuskure fa?”

“Shi ya sa ba a barin mutum ɗaya ya yanke. Amma bari in tambaye ki. Da can a gida, in kika ji motsi a bayan ɗaki ba ki san ko mene ne ba, me kike ɗauka?”

“Taɓarya.”

“In kika leƙa kika ga akuya ce?”

“Sai in ajiye, in kore ta da zani.”

“To haka suke. Kowacce ƙasa ta ɗauka ɗayar ta tara abin da ya ninka nata. Masu son yaƙi suna ta cewa a riga su kafin su riga mu. Malaminmu ya ce hotunan nan ne suka nuna abin bai kai yadda ake tsoro ba, aka ajiye taɓarya. Wanda bai gani ba shi ne mai saurin duka, Hajiya. Ni na yarda leƙen nan ya hana jini zuba, mai yawa kuwa, kuma waɗanda aka tsirar ba su ma san an tsirar da su ba.”

Na ce, “Ashe abin alheri ne.”

“Ban gama ba.” Ya kurɓi kunu. “Mai gida ba ya son a leƙa shi ko da akuya ce a bayan ɗakinsa. Wani jirgin an harbo shi. Wani jirgin kuma iska ta karkatar da shi ya tsallake iyaka, waɗancan suka ɗauka hari ne, saura ƙiris abin da ake gudu ya faru ta dalilin mai hana shi. Kin ga maganin ma yana iya zama cutar. Kullum manya sai sun auna: abin da za mu gano yau ya kai a tsokani mutanen nan? Ya kai ran waɗanda ke ciki? Wani lokaci su auna daidai, wani lokaci su ce a ƙara tashi ɗaya kawai, ɗayan nan ya zama shi ne.”

“Yanzu ba ga taurarin nan na ɗan'adam ba? Rediyo ya ce har lambar mota suna gani.”

“Suna gani, amma an san lokacin wucewarsu, sai a rufe kaya da tamfol. Kuma ba sa jin abin da jirgi ke ji in ya matso. Shi ya sa har gobe ake sa mutum a ciki.”

Sai ya yi ƙasa da murya. Ya ce abin da malamin nan bai taɓa warkewa daga gare shi ba, abokansa ne da ba su dawo ba. Tun da aikin na ɓoye ne, ba a gaya wa iyalansu gaskiya. Sai a ce hatsari ne wurin gwaji, ko a ce ana nema. Babu gawa, babu kabari. Wata matar ta tsufa tana jiran ƙwanƙwasa ƙofa.

“To Baba, in kai ne ni?”

“In ni ne shi, zan tafi. In ni ne ke, ban sani ba. Kunun nan ya ji tsamiya, Allah ya yi albarka.”

Kwanakin da suka biyo baya ban yi girkin kirki ba. Na sa gishiri sau biyu a miya, na bar shinkafa ta kama. Ina shanya a saman bene ina magana ni kaɗai, in ɗauki gefen Baba na farko in kayar da na biyu, in juya in ɗauki na biyu. Na tuna shekarar da aka yi ta jin ƙarar makaman da ake harbowa a saman garin nan, yadda muka riƙa kallon silin. Ashe akwai 'ya'yan wasu a can sama da aikinsu shi ne su gani tun abin bai taso ba. In kowace uwa ta riƙe nata, wa zai zauna a kujerar? Kuma yaron nan ba yaro ba ne, furfura ta fara fito masa a gemu. A hankali zuciyata ta kwanta a kan in ce masa ya je, Allah ya tsare. Har na fara tunanin yajin da zan daka masa ya tafi da shi.

Saura abu ɗaya, in gaya wa Yaya. Na san amsarta tun kafin in kira, amma ba a tsallake uwa ko da za ta ce ba ruwanta.

Yaya ba ta iya waya a zaune ba. In kina magana da ita za ki ji tsintsiya, ki ji murfin tukunya, ki ji tana korar kaji. Na saba da wannan har in babu shi sai in ɗauka layin ya yanke. Da hantsi na kira, muka gaisa, tana shara. Na faɗa mata komai, ban rage ba, har da abin da Baba ya ce, mai daɗin da marar daɗin.

Ta ce, “To ni mene ne nawa a ciki? Ɗanki ne. Abin da kika gani shi ne daidai.”

“Na ga kamar in bar shi ya je, Yaya.”

“To.”

Sai na lura tsintsiyar ta tsaya. Babu murfi, babu kaji. Na ji ƙarar kujerar nan tata ta katako, wadda ba ta zama a kai sai in an yi baƙi.

Ta tambayi gwiwata. Ta tambayi ko ana samun kuɓewa ɗanya a nan. Na amsa, ina jira ta ce sai an jima kamar yadda ta saba, don ita ba ta son doguwar waya. Ba ta ce ba. Can sai ta ce, “Kin tuna matar nan ta bayan masallaci, wadda ɗanta ya tafi kamun kifi a dam?”

Na tuna. Kwalekwalensa aka samu, shi ba a same shi ba.

“Jiya na ganta. Kin san har yau ba ta yarda a sa sakata a ƙofar zaure? Jikokinta su sa, ta bi baya ta zare. An yi mata wa'azi, an yi mata faɗa. Ta ce ita da ta ga an sa shi a ƙasa da ta haƙura. Ni dai labari nake ba ki.”

“Na ji, Yaya.”

“Wai shi tekun nan, ya fi dam ɗin girma?”

“Ya fi, Yaya.”

“To. Allah ya kyauta. Ki gaida mutanen gidan.”

Na daɗe riƙe da wayar bayan ta kashe. Tun ina budurwa nake zaune da matar nan, ban taɓa jin ta roƙi kowa komai a kan yaron nan ba. Ba za ta iya ba. Bakin da bai kira sunansa ba ba zai iya cewa kada ya tafi ba. Iyakar abin da al'ada ta bar mata ke nan, ta zauna a kujerar baƙi ta ba ni labarin wata. Kuma na gane dalilin da ya sa tun farko ake ba gwaggo ɗan fari. Ba don ta yi masa wanka da goyo kaɗai ba ne. Don a samu bakin da zai faɗi abin da uwa ba ta iyawa.

Ban canza ra'ayi a kan aikin ba, wannan ina so a sani. Har yanzu ina ganin Baba ya yi gaskiya. Amma ni riƙo aka ba ni.

Juma'ar da ta zagayo ya sake saukowa kan darduma. Fuskarsa a sake, don Baba ya riga ya tsegunta masa cewa na fahimta.

Na ce, “Ban yarda ba.”

Ya ɗago. “Gwaggo?”

“Ban yarda ba. Ka ba su haƙuri.”

“Amma Baba ya ce kin gane amfanin abin. Ya ce har tambayoyin da kika yi masa...”

“Na gane sarai. Aiki ne mai kyau, masu yinsa Allah ya saka musu. Kai ne ban yarda ka je ba.”

“To me ya sa? Ki ba ni dalili ɗaya in riƙe.”

“Tsoro nake ji. Ni matsoraciya ce, ka sani, ko lif ba na shiga ni kaɗai.”

“Gwaggo, hanyar da nake bi zuwa aiki kullum ta fi jirgin nan kashe mutane.”

“Wanda hanya ta kashe ana yi masa sallah.”

Na ga yana neman wata ƙofar, na san kuma in ya matsa zai iya samu, don hujjarsa ta fi tawa. Da na ce masa uwarka ce, da ya sunkuyar da kai nan take ba tare da jin haushina ba. Amma da na tona matar da ta rufe kanta tun kafin ya yi wayo, kuma da ya je gaishe ta wata rana da wannan a idonsa, ta rasa bangon da za ta kalla. Sai na bar laifin a kaina.

Ya ce, “Shi ke nan, Gwaggo. Allah ya sa haka ne alheri.” Ya tashi ya shiga ɗaki. Matarsa tana bakin kicin, ta dube ni, ta koma ciki. A ranar ban ji ƙarar kwano ko ɗaya ba.

Bai yi mini rashin kunya ba, ba halinsa ba ne. Yana gaishe ni safe da yamma, yana kawo mini maganin gwiwa. Amma ya daina zama hira, kunun da nake ajiye masa sai in tarar ya yi sanyi a inda na bar shi. Wannan ya ci ni fiye da faɗa. Na kai ƙarata wurin Baba, ban gaya masa dalili ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Hajiya, kin kira gida ke nan.” Na ce masa kununsa zai huce.

Sai da zafi ya wuce aka fara kashe na'urar sanyaya ɗaki, wata yamma ya shigo kicin ya ɗauki kofin da kansa ya tsaya yana sha. Ya ce an ba wani kujerar, wani abokin karatunsa, har ya fara tashi. Ya faɗe shi ba da zafi ba, amma bai dube ni ba. Na ce yana da uwa? Ya ce tana nan da rai. Na ce Allah ya dawo mata da shi. Ya ce amin, ya miƙo kofin a ƙara masa.

Da na kira Yaya na gaya mata maganar tafiya ta mutu, tana shara.

“Au, hana shi kika yi? Ke dai kin cika tsoro. Mutum da girmansa.”

“Haka Allah ya yi ni, Yaya.”

“To ai shi ke nan, ke da ɗanki.” Na ji ta kori kaza, na ji murfin tukunya. Kafin ta kashe ta ce akwai mai zuwa Umara daga unguwa, za ta ba shi daddawa ya kawo mini, ta gaji da jin ina sayen ta Batha mai warin kwali. Daddawar ta iso, ƙulli babba, a ƙasansa kuma ga dakakken yaji irin mai citta da yawa. Ni ba na cin citta. Duk gidan mutum ɗaya ne ke sonta.

Har yanzu ina hawa shanya. Katanga ta tare mini ko'ina sai sama, don haka saman nake kallo. Wani lokaci jirgi yakan wuce can nesa, ba a jin ƙararsa, sai farin zare da yake ja a baya. Ban san ko na fasinja ne ko irin wancan ba, ba ni da gilashin Baba. Nakan ajiye abin da ke hannuna in yi wa na ciki addu'a, su ga abin da aka aike su gani, waɗanda ake leƙawa su yi haƙuri kada hannunsu ya yi sauri, kowa ya sauka lafiya. Sannan in yi wa matar nan da ban sani ba, wadda ɗanta ke zaune a kujerar ɗanmu.